Hular kwano ko ƙwarya mai fenti: wa ya gwada abin da kake ɗorawa a ka?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin man fetur ya tafi, babur ya zama motar kowa. Ma'aikacin da ya saba fita da mota ya lulluɓe ta da tamfol ya sayi roba-roba. Ɗalibi babur, malamin makaranta babur, mai kai kaya ƙauye babur. In kana son ka gani da idonka, tsaya bakin titin da ya fita daga Daura zuwa Kwangwalam ranar kasuwar Mai'aduwa. Za ka ga Boxer ɗauke da mutum uku, wata da buhuna biyu da akuya a tsakiya, wata da uwa da goyo da yaro a kan tanki. To ka bar ƙirga baburan, ka ƙirga kawunan. Zanna, ƙube, hana-salla, rawani, hijabi. Hular kwano sai ka daɗe kafin ka ga ɗaya.

Wannan kowa ya san shi, an kuma yi ta faɗa har an gaji. Maganata yau a kan 'yan ƙalilan ɗin nan ne da suka ji kira suka saya, da kuma masu niyyar saya. Abin da suka ɗora a ka ɗin, wa ya gwada shi? In kai ya daki kwalta, zai tare wani abu, ko tare za su fashe? Shekara da shekaru muna gardamar a sa ko kar a sa, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ingancin abin da ake cewa mu sa ba.

Wasunku suna firamare lokacin, wasu ma ba a haife su ba. Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sanya hular kwano a faɗin Najeriya. Cikin 'yan kwanaki kuɗin hula ya tashi, kama ya yi yawa, sai 'yan acaɓa a Kano suka nemo dabara. Wani ya kifa ƙwarya ya ɗaure da igiya, wani bokitin fenti, wani tsohuwar tukunya. BBC ta ɗauki labarin, duniya ta sha dariya. Fasinjoji kuma suka ce su ba za su sa hular da kowa ke sawa ba, wasu don tsoron ƙwarƙwata da makero, wasu don jita-jitar da aka baza cewa ana asiri a cikinta. Ba a ɗau dogon lokaci ba dokar ta yi sanyi a Arewa.

Ni abin da na ɗauka daga wannan labari ba dariyar ba ce. Mutanen nan sun fahimci abin da ake nema a wajensu sarai: a ga wani abu mai zagaye a kanka, jami'i ya ɗaga maka hannu ka wuce. Kasuwa ma ta fahimta. Ƙwaryar yanzu ba daga gona take zuwa ba, a kwali take zuwa, da sheƙi, da gilashi mai duhu, da zanen wuta a gefe, da sitika a ƙeya. Ta fi ta 2009 kyau a hoto. A wajen faɗuwa kuwa, wata ba ta fi ta da komai ba.

Kuskuren da yawancinmu ke yi daga sunan ya faro. Da aka ce "kwano", sai muka ɗauka tauri shi ne aikin. Mutum zai ɗauki hula a shago ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ya ji ƙwas-ƙwas ya ce wannan mai kyau ce. Alhali ɓawon waje ƙaramin ma'aikaci ne. Aikinsa ya hana tsini shiga, ya baza dukan ya watsu, ya kuma bar kan ya zame a kan kwalta maimakon ya cije. Babban ma'aikacin yana ciki, ba a ganinsa sai an ɗaga yadin: wani farin soso mai tauri, ɗan uwan wanda ake samu a kwalin sabuwar talabijin ko firji, amma wanda aka matse daidai gwargwado. Shi ne ke murƙushewa a madadin kanka.

Ga dalili. Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana zaune ne cikin ruwa, taushinta kamar na awara. In kai ya tsaya cak a kan kwalta, ƙwaƙwalwa ba ta tsaya ba tukuna, sai ta je ta daki ƙashi daga ciki. Ko da ƙoƙon bai fashe ba, ɓarnar ta auku. Abin da sosan nan ke yi shi ne ya ja tsayawar, ya mayar da ita sannu-sannu cikin kaurin yatsu biyu, maimakon farat ɗaya. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa ake rabuwa tsakanin wanda zai tashi ya kaɗe riga da wanda za a ɗauka.

Mu a Daura ma bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla ko na Gani ya ga 'yan lifida. Lifidin nan da ake sa wa doki da mahayi cushe yake da audugar rimi, kwalkwalin da ke kansu ma da cushe a cikinsa. Mutanen da suka ɗinka su don fita yaƙi sun san cewa abu mai lotsawa shi ke shanye duka. Hular da ba ta da wannan cikin, ko ta ƙarfe ce, ƙarar za ta kai maka har ƙwaƙwalwa.

To yaya ake gane wadda ke aiki? Ba da ido ba, ba da ƙwanƙwasawa ba. Fasa ta ake yi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira ƙa'ida ta 22, za ka ga ana rubuta ECE 22.05, sabuwar kuma 22.06. A ɗakin gwaji akwai kan ƙarfe mai siffa da nauyin kan mutum, wajen kilo biyar, da na'ura a cikinsa mai auna girgiza. Sai a sa masa hular, a ɗaure, a ɗaga shi sama kusan mita uku, a sako shi a kan maƙera. Wata maƙerar shimfiɗaɗɗiya ce kamar kwalta, wata mai kaifin baki kamar gefen kwalbati. Ana dukan goshi, da gefe, da tsakiyar kai, da ƙeya, da haɓa in mai rufe fuska ce. Lokacin da ya isa ƙasa yana gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kilomita 27 a awa.

Na san wani zai ce, 27 kacal? Ai ni 80 nake yi tsakanin Daura da Zango. Gaskiya ne. Amma a yawancin faɗuwa, gudun da kake yi gaba yana ƙarewa ne a jan ƙasa da gurjewa, abin da ke dukan kai kai tsaye shi ne faɗowar daga saman babur zuwa ƙasa. Shi gwajin ke kwaikwaya. In kuwa da 80 ɗin ka yi karo da bayan tirela ko bishiya, babu hular da aka ƙera a duniya da za ta yi maka alkawari. Masu yin ta ma ba su ce za ta yi ba.

Sharaɗin cin jarabawar shi ne kada girgizar da kan ƙarfen ya ji ta wuce ninki 275 na nauyinsa. Ka lissafa: kai mai kilo biyar, sau 275, ya haura kilo 1,300. Kamar a ɗora maka buhun siminti 27 ne a ka na ɗan wani mitsitsin lokaci. Wannan fa iyakar wadda ta ci ke nan. Ka yi tunanin abin da ke isa kan wanda ya sa wadda ta faɗi, ko wanda ke sanye da zanna.

Ba a nan aka tsaya ba. Kafin a sako su, wasu hulunan sai an gasa su awanni a zafin digiri 50, wasu a saka su cikin sanyi mai daskarar da ruwa, wasu a haska musu fitila mai kwaikwayon zafin rana sannan a jiƙa su, don a ga ko za su yi aiki bayan sun sha wuya. Igiyar haɓa ma da nata gwajin: ana sako mata nauyin kilo 10 daga tsayin santimita 75, kada ta tsinke, kada maɓallin ya buɗe, kada ta miƙe fiye da milimita 35. Sai a fizgi hular daga ƙeya a ga ko za ta kuɓuce ta gaba. Sabuwar ƙa'idar ta 22.06 ta ƙara wuraren duka, ta ƙara gwaji da gudu mai yawa da kaɗan, sannan ta kawo dukan karkace, saboda likitoci sun gano cewa murɗawar da kai ke yi farat ɗaya tana yaga jijiyoyin ƙwaƙwalwa ko da dukan bai yi tsanani ba.

Irin waɗannan hulunan ake nufi in ka ji alƙaluman da ake yawan kawowa, cewa hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Alƙaluman na gaske ne, daga bitar bincike masu yawa aka fitar da su, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi shekaru tana kafa hujja da su. Sai dai ba su shafi robar da aka zuba a injin yin bokiti ba.

Yanzu sitika. Mafi yawan hulunan da za ka gani a shagunan kayan babur, daga nan har Kano, akwai DOT a rubuce a ƙeyarsu. DOT ma'aunin Amurka ne, kuma ma'auni ne na gaske, har da gwajin sako tsinin ƙarfe mai kilo uku daga mita uku. Amma tsarinsa shi ne kamfani ya gwada kayansa da kansa ya liƙa alamar da kansa, daga baya hukuma ta riƙa tsintar wasu a kasuwa tana dubawa. A kasuwar Amurka ke nan. Ba wani jami'in Amurka da zai zo Daura ya duba. Haruffa uku ne da kowane mai buga sitika zai fitar maka da dubu kafin la'asar.

Alamar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fi wuyar kwaikwayo, ko da yake ita ma ana yi. Ba a baya ake liƙa ta ba, ɗinke ta ake yi a jikin igiyar haɓa: da'ira da harafin E da lamba a ciki. Lambar ta ƙasar da ta ba da shaidar ce, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E11 Birtaniya. A kusa akwai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06, sai harafi: P na nufin an gwada haɓar tana karewa, J buɗaɗɗiyar fuska ce, NP kuwa akwai haɓa amma ba ta kariya ba ce. Ta Indiya alamar ISI take ɗauke da ita da lambar IS 4151.

In ka je saye, kar kunya ta hana ka. Ɗaga yadin ciki ka leƙa. In katifa ka gani mai laushi irin ta kujera, ko ba komai sai roba, ajiye. Farin sosan ya zama mai kauri, ka danna shi da babban yatsa ya ƙi lotsawa da sauƙi, ya kuma zagaye kan duka har gefen kunne da ƙeya, ba ɗan faifai a tsakiya kawai ba. Riƙe bakin hular da hannu biyu ka matsa; in ta lanƙwashe kamar robar wanki, ka san abin da ka riƙe. Ɗaga ta ka ji: mai rufe fuska ta kirki ta haura kilo ɗaya, wadda ka ji ta sakayau kamar ƙwaryar fura akwai abin da aka rage. Duba inda igiya ta haɗu da ɓawo, ƙusar ƙarfe ce ko gam. Sannan ka sa, ka ɗaure, ka ce abokinka ya kama ƙeyar ya turo gaba. In ta fita a shago, a titi ma za ta riga kanka isa ƙasa. Duk wannan ba ya maye gurbin ɗakin gwaji, amma yana tace mafi munin.

Batun ɗaurewar nan kuwa, wallahi abin haushi ne. Sai ka ga mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi mai kyau, ya ɗora ta a ka kamar tulu, igiya na reto. Wani ma a kan hularsa ta zanna yake ɗora ta don kar karin ya lalace. Wannan da shi da wanda bai sa ba duk ɗaya ne, sai dai shi ya fi jin zafi. Haka masu sanya hular magina, mai ruwan ɗorawa ɗin nan ta 'yan kwangila. Suna ɗaya muke kiran su, aiki daban. Ita an yi ta ne don bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama, ba ta rufe gefen kai, ba ta rufe ƙeya, da ka tashi sama ita ma ta kama gabanta. Mai buɗaɗɗiyar fuska ta fi babu nesa ba kusa ba, amma binciken haɗurra da Dietmar Otte ya yi a Jamus ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan da hula ke sha a wajen haɓa yake sauka.

Sai maganar daɗewa, wadda ita ce ta fi shafarmu a nan. Farin sosan nan sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, kuma daga waje ba za ka gani ba, ɓawon na iya zama garau. Hular da ta taɓa shan faɗuwa da kai a cikinta ta gama aikinta. Wannan ya sa ta gwanjo ke da haɗari. Za ka ga babban suna, kamfanin da ake ji da shi, kuɗi kaɗan, ka ce ka yi tsintuwa. Ba ka san dalilin da ya sa mai ita a can ya rabu da ita ba. Kamfanonin da kansu suna ba da shawarar a canza bayan kamar shekara biyar ana amfani, saboda gumi da man kai da zafi suna cin gam da yadin ciki, ta saki, ta daina kama kai.

Shekara biyar ɗin ma lissafin masu ajiye ta a inuwa ne. Mu fa? A watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a inuwa, hula kuma tana rataye a madubi tun safe har yamma. Rana na busar da roba mai arha har ta koma tana karyewa kamar tsohuwar kujerar biki. Ga man fetur, babban maƙiyin farin soso. In ba ka yarda ba, samo ɓallin sosan kwalin talabijin ka ɗiga masa fetur ka ga yadda zai narke nan take. Yanzu ka tuna inda ake kifa hula: kan tanki, daidai murfi, ko a ɗaure ta tare da galan. Ka tuna yadda mai bumburutu ke zuba mai yana fantsama. Masu fesa mata fenti don ta dace da kalar babur su ma suna iya raunana ɓawon, domin sinadarin fenti na cin wasu nau'o'in roba.

Akwai ƙorafin da ba zan raina ba, shi ne na zafi. Ɗan acaɓan da zai wuni a rana yana da gaskiya in ya ce hular da aka ƙera don sanyin Turai tana dafa masa kai. Amsar ba a ce ya yi haƙuri ba ce. Akwai huluna masu ƙofofin iska da aka yi musamman don ƙasashe masu zafi, kuma suka ci gwajin ƙa'ida ta 22. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta ɗauki nauyin fito da irinsu a farashi mai sauƙi. Matsalar ba a kawo mana su ne, domin ba wanda ya tilasta wa ɗan kasuwa, kuma mai saye ba ya tambaya. Kuɗi ma ƙorafi ne na gaske, ko da yake akwai zannar da ta fi hular kwano mai kyau tsada, kuma muna saye ba a yi mana wa'azi ba. Masu cewa in kwana ya ƙare ko da hula sai an tafi, ban musa ba. Sai dai na lura duk mai faɗin haka da kwaɗo biyu yake kulle babur ɗinsa in zai shiga kasuwa.

Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. A ƙarshen Disambar 2017 Yusuf Buhari, wanda daga baya aka naɗa Talban Daura, ya yi haɗarin babur a Gwarimpa, Abuja. Sanarwar fadar shugaban ƙasa ta ce ya samu karaya da rauni a ka. An yi masa tiyata a Abuja, daga baya aka fita da shi waje, Allah ya ba shi lafiya. Ƙasa gaba ɗaya ta yi masa addu'a. Yanzu ka ɗauki irin wannan rauni ka ɗora wa yaron da ya faɗi da daddare a hanyar Baure. Kafin a samu motar da za ta kawo shi Daura, kafin a ce a wuce da shi Katsina, tafiyar wajen kilomita 80, ko asibitin Malam Aminu Kano da ya fi haka nisa, kafin a haɗa kuɗin hoton kai. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, kuma a manyan birane suke. Wanda ya rayu ma, wani farfaɗiya ce ta bi shi, wani mantuwa, wani ya koma ba ya iya riƙe sana'a, a ce ai tun haɗarin nan bai koma daidai ba. Kowace unguwa akwai irinsa.

Tun da mun zo nan, ku riƙe wannan. Mutum zai iya faɗuwa ya bugu a gefen kai, ya ɗan suma, ya farfaɗo ya yi ta hira har da dariya, alhali jijiya ta tsage jini na taruwa a ciki. Bayan awanni sai ciwon kai, amai, barci mai nauyi, rikicewar magana. In kun ga haka, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ba maganar mai ɗori ba ce, ba ta a bar shi ya huta ba ce. Asibiti, a lokacin. Kuma in kun tarar da mai hula a kwance, kar ku fizge ta, wuyansa na iya zama a karye.

To wa ke da alhakin hana ƙwarya mai fenti shigowa? A takarda, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, wadda ke da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su. A takarda kuma Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1958 kan ingancin ababen hawa tun 2018, har aka ba ta lambarta, E63. Amma abin da mai babur ke haɗuwa da shi a titi shi ne jami'in da ke duba ko akwai hula ko babu, da tarar naira 2,000 da ta daɗe a jadawalin FRSC. A ganina, duk ranar da FRSC ko KASSAROTA suka tashi da kamen hula gadan-gadan ba tare da an fara gyara abin da ke cikin shaguna ba, 2009 za a maimaita. Talaka zai sayi mafi arha don ya wuce shinge, mai shigo da jabu ya yi ciniki, asibiti kuma ba ta ga sauƙi ba. Har gara ma mai kai tsirara ya san ba shi da komai, yana iya sassautawa.

Ba hasashe nake ba, an gani a wani wuri. Biyetnam ta tilasta hula a Disambar 2007, cikin kwana ɗaya kusan kowa ya sa, aka yi ta yaba musu. Da aka zo aka tsinci hulunan da ke kan mutane aka kai ɗakin gwaji, mafi yawansu suka faɗi. Indiya, inda Boxer ɗinmu ke fitowa, sai da ta koma ta haramta ƙerawa da sayar da duk hular da ba ta da shaidar ISI daga Yunin 2021, wato ta bi mai shago maimakon mai saye kaɗai. Ruwanda, inda ɗan acaɓa a Kigali ke yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, ta buɗe ɗakin gwajin hula nata a ƙarshen 2024, saboda sun gane sawa kawai ba ta wadatar ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, garin da ya fi dacewa a fara wannan aiki a Arewa shi ne namu. Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, a Daura take. Ga kwalejin fasaha ta tarayya. Sufuri ba jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ba ne kaɗai. Abin hawan da ke ɗaukar mutanen Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa kullum ƙafa biyu gare shi. Na'urar gwajin farko ba ta fi ƙarfin sashen injiniya ba: dogon ƙarfe mai mita uku da 'yan kai, kan ƙarfe mai kilo biyar, na'urar auna girgiza, maƙera, kwamfuta. Ba za ta ba su ikon buga wa kowa hatimi ba, wannan aikin SON ne. Amma za ta ba su ikon shiga kasuwa su sayo iri goma da aka fi saye, a sako kowace daga tsayi ɗaya, a rubuta lambar da ta bayar, a yanka ta biyu a nuna cikinta. A haɗa da wadda ta shekara a rana, da wadda aka ɗiga wa fetur, da ta gwanjo, da hular magina, da ƙwarya guda don tunawa da 2009. A ɗauki bidiyon da Hausa, a sa a TikTok da Facebook, a tura wa shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa da masu shagunan kayan babur, da suna da farashin kowace hula a rubuce a ƙasa.